Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne: Furannin Darni A Mafara, Bakura Da Maradun

Wanda ya bi hanyar mota daga Gusau zuwa Sakkwato a cikin watan Disamba, abin da zai yi ta gani shi ne gonakin da aka girbe, da kara a tsaye, da harawa a bisa rassan itatuwa, ga ƙurar hunturu ta dushe rana. Amma in ya kusa Talata Mafara sai ƙasa ta sake kama. Zai tarar da fadamu kore shar a tsakiyar rani, ana dashen shinkafa, ana ban ruwan albasa da tumatir. Ruwan madatsar Bakolori ne ya kawo wannan.

Garuruwa uku ne suke kewaye da wannan ruwa. Talata Mafara tana bakin babbar hanya, kusan rabin tafiya tsakanin Gusau da Sakkwato, kasuwarta kuwa ran Talata take ci, kamar yadda sunan garin ya nuna. Maradun tana gabas da ita, Bakura kuma tana arewa maso yamma, kusa da Gulbin Sakkwato. Dā suna cikin Jihar Sakkwato ne, sai ran 1 ga Oktoba 1996 aka yanke Jihar Zamfara suka koma cikinta. Kowane ɗaya cikin garuruwan nan ya fid da gwamna: Ahmed Sani Yarima daga Bakura, 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari daga Mafara, 2011 zuwa 2019, Bello Matawalle daga Maradun, 2019 zuwa 2023.

Mu dai ba zancen mulki ya kai mu can ba. Mun je gaishe da 'yan'uwa ne a lokacin hutun makaranta, sai wata 'yar tambaya a kan fure ta sa muka zaga garuruwan duka uku. Mai karatu yana iya cewa, mene ne abin damuwa a cikin fure? To, furen da muke magana irin na dangin wake ne. Bayan fure sai kwasfa, a cikin kwasfa kuwa akwai ƙwaya, yaro kuma ba ya ganin ƙwaya ya ƙyale. Dangin wake suna da yawa, masana sun ƙidaya kusan iri 20,000 a duniya. A cikinsu akwai abinci, akwai na ado kawai, akwai kuma mai kisa. Domin wannan muka ga ya kamata mu ba ku labarin abin da muka gani.

A TALATA MAFARA

Gidan da muka sauka na wani abokinmu ne malamin makaranta. Uwargidansa mutuniyar Filato ce, tana da son furanni ƙwarai. A bayan ɗakin girki, wajen da inuwar darbejiya take sauka da rana, akwai wani tsiro a cikin rabin garwa, ya hau darni har ya kai kafaɗar mutum. Ta ce saiwarsa ta haƙo daga lambun wata tsohuwa a Jos, ta kawo a bokiti da ƙasarsa a ƙarshen damina. Tsohuwar ta ce mata sunansa suwit pi, watau waken adon nan na Turawa wanda ake yabo saboda ƙanshi.

Ga inda gardama ta tashi. Furen ya fito, kyakkyawa, ruwan hoda mai duhu, amma ko ɗan ƙanshi babu. Uwargida ta fara zaton ba shi ba ne. Wata maƙwabciya kuma ta dube shi ta ce, "Maman yara, wannan ai wake ne. In ya yi 'ya'ya ki sam mini in gwada a tukunya." Yaran gidan kuwa suna jiran kwasfa ta ƙosa.

Sai muka ɗauko kujeru muka zauna gaban tsiron tare da yaran, muka bi shi gaɓa gaɓa kamar yadda muke yi a aji.

Da fari muka duba furen. Yana da ganyen fure biyar. Babba ɗaya yana tsaye a baya kamar tuta, biyu suna gefe kamar fikafikai, biyu kuma sun haɗu a ƙasa kamar kwalekwale. Duk furen da ka gani da wannan siffa, ka san ɗan gidan wake ne. Haka furen wake yake, haka na gyaɗa, haka na baba wanda ake rini da shi. Ashe maƙwabciya ta gane dangin. Amma sanin dangin mutum dabam, sanin sunansa dabam.

Na biyu, ganye. Muka aiki yaro ya tsinko ganyen wake daga cikin harawar awaki, muka jiƙa shi muka shimfiɗa. Kunnuwa uku ne a kan sanda ɗaya. Na wannan tsiro kuwa kunnuwa biyu ne tak, suna fuskantar juna, dogaye masu tsini, kore mai ɗan toka-toka, jijiyoyinsu sun miƙe daga gindi zuwa kai. A inda kunne na uku zai kasance, sai ga wani zare ya fito ya rabu uku ko fiye, yana naɗewa a kan kara, irin zaren da duma da soso suke kama darni da shi.

Na uku, yadda yake hawa. Wake da jikinsa yake naɗe abin da ya samu. Wannan kuwa ba ya naɗewa da jiki, zaren nan ne hannunsa.

Na huɗu, jikin yaɗon. Muka sa kowane yaro ya shafa da yatsa. Ba zagayayye ba ne. Yana da fiffike siriri a gefe biyu tun daga ƙasa har sama, kamar an ɗinka masa leɓe, har sandar ganyen ma tana da shi. Ba gashi ko kaɗan, sumul yake.

Na biyar, muka ƙidaya furanni a kan sanda ɗaya. Wata sanda takwas, wata goma sha ɗaya. 'Yar kwasfar da ta fara fitowa kuma doguwa ce, shafaffiya, ba gashi.

Da aka haɗa alamun nan sai suna ya fito. Kunnuwa biyu da zare da yaɗo mai fiffike sun nuna gidan da masana suke kira Lathyrus, gida mai iri wajen 160. A cikin gidan nan biyu ne aka fi shukawa domin ado. Ɗaya shi ne Lathyrus odoratus, mai ƙanshi. Shi shekara ɗaya yake yi ya mutu, furanninsa daga ɗaya zuwa uku ko huɗu ne a sanda, jikinsa da kwasfarsa suna da gashi. Ɗayan kuwa Lathyrus latifolius ne, watau mai faɗin ganye. Furanninsa daga biyar zuwa goma sha biyar ne a sanda, ba shi da gashi, ba shi da ƙanshi, saiwarsa kuma tana zurfi ta daɗe shekaru tana sake tohuwa. Na uwargida shi ne wannan na biyu. Tsohuwar Jos ba ta ruɗe ta ba, gama Turawa da kansu da suna ɗaya suke kiran su biyun, sai dai su ƙara wa wannan kalmar da ke nuna yana daɗewa. Mu a nan bari mu ce masa waken ado mai daɗewa. Wata shaida kuma ita ce, da saiwa aka kawo shi. Mai ƙanshin da iri ake shuka shi kowace shekara, ba ya barin saiwar da za a haƙa a raba.

INDA YA FITO

Waken ado mai daɗewa ɗan kudancin Turai ne, yana fitowa da kansa a bakin jeji da gefen hanya a ƙasashe irin su Italiya da Faransa da Sifen. Tun kafin shekara ta 1600 ake shuka shi a lambunan Ingila. Da sanyi ya shigo sai ganyensa ya bushe duka, saiwa ta kwanta a ƙasa, in ɗumi ya dawo ta tohu, ya hau har mita biyu ko fiye. Turawa sun kai shi Amurka da Ostareliya, can kuwa ya tsere daga lambu ya zama ciyawar bakin hanya mai wuyar kashewa. Kwasfarsa in ta bushe takan fashe ta murɗe, ta watsa iri nesa.

Ɗan'uwansa mai ƙanshi kuwa daga tsibirin Sisili yake. Wani malamin tsire-tsire na can, Francesco Cupani, ya aika da irinsa zuwa Ingila da Holan a 1699. Daga baya wani mai lambu, Henry Eckford, ya yi shekaru yana haɗa iri a ƙarshen ƙarni na 19, har aka sami launuka masu yawa da manyan furanni. Sunayen nan masu kalma biyu kuwa, Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin ne ya raɗa musu a littafinsa na 1753. Kalma ta fari sunan gida ce, ta biyu sunan mai shi, domin mutumin Kano da na Landan su san abu ɗaya suke nufi.

Su duka biyu sanyi suke so. Shi ya sa ake ganin irin furannin nan a lambunan Jos, inda ƙasa take da tudu. A Mafara kuwa sanyin hunturu da inuwa da ban ruwa ne suka riƙe shi. Mun faɗa wa uwargida gaskiya cewa in zafin Afrilu ya zo, lokacin da awo yakan wuce 40, da wuya ya kai labari, sai ta more shi tun yana nan.

KO ANA CINSA?

Amsar ita ce a'a. Ƙwayar waken ado, mai ƙanshi da marar ƙanshi, tana da guba. Ba irin gubar da ƙwaya ɗaya take kayar da mutum ba ce, amma ba abin sawa a tukunya ba ne, ba kuma abin tara wa awaki da jakai da dawaki ba.

Gidan Lathyrus sananne ne a wurin likitoci, har akwai cuta da aka sa wa sunan gidan. Akwai wani ɗan gidan, Lathyrus sativus, wanda ake nomawa domin ci a Habasha da Indiya da Bangaladash. Habashawa suna kiransa guwaya, Indiyawa kesari. Yana jure fari fiye da sauran amfanin gona, saboda haka in yunwa ta zo shi ne yakan rage a gona. In aka ci kaɗan tare da hatsi, an jiƙa an zubar da ruwan, ba ya yin lahani. Amma in mutum ya mai da shi babban abincinsa wata biyu ko uku, sai ƙafafu su sandare, ya koma tafiya da sanda ko rarrafe, ba kuwa a warkewa. Samari majiya ƙarfi ya fi kamawa. Hakan ya faru a Sifen bayan yaƙin basasarsu, a farkon shekarun 1940. Gwamnatin Indiya ta hana sayar da shi a 1961. Ya faru kuma a arewacin Habasha a shekarun 1970, ya sake faruwa a ƙarshen shekarun 1990 bayan fari.

Da maƙwabciya ta ji haka sai ta ce, "To Malam, ni dai na ga irinsa a Bakura a kan darni, garinmu ke nan, kuma muna ci tun muna yara." Ba mu yi mata musu ba. Gani ya kori ji, sai muka shirya zuwa Bakura, muka ɗauki reshe guda a cikin tsohuwar jarida domin gwadawa.

A BAKURA

Mun tashi da hantsi. Hanyar ta ratsa filayen ban ruwa, ga magudanan siminti, ga mutane cikin taɓo har gwiwa suna dasa shinkafa, balbelu suna bin su. Bakura garin noma ne. Nan Kwalejin Aikin Gona ta jihar take, kuma a ƙasar Bakura ne Tafkin Natu yake, inda masunta suke samun abinci.

A bayan gari muka sami wani dattijo yana gyaran darnin garkarsa. Bayan gaisuwa muka nuna masa abin da ya lulluɓe darnin muka ce, "Baba, mene ne sunan wannan?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, wanga ai waken damfami na. Kowa ya san shi." Malaman gona lablab suke ce masa.

Daga nesa lalle sun yi kama da na Mafara. Furanni shunayya da fari sun jeru da yawa a kan sanda ɗaya, kowanne da tutarsa da fikafikansa da kwalekwalensa. Amma da muka buɗe jarida muka ajiye su gefe da gefe, sai yaron da ya rako mu ya riga mu magana, ya ce, "Wannan kunne uku ne!" Haka ne kuwa. Kunnuwa uku masu faɗi, ba zare, yaɗon zagayayye ba fiffike, da jikinsa yake naɗe kara. Kwasfarsa gajeriya ce mai faɗi, ta ɗan lanƙwashe kamar lauje. Dattijo ya ɓare busasshiya ya zuba mana a tafin hannu. Kowace ƙwaya tana da farin layi mai tudu a gefe ɗaya, kamar an ɗora mata zaren auduga. Wannan layi shi ne hatimin waken damfami.

Maƙwabciya ta yi gaskiya cewa ana cin wannan. Ganyensa harawa ce mai kyau, yana kuma zama kore bayan wake ya bushe, shi ya sa masu kiwo suke son sa. Amma busasshiyar ƙwayarsa ma tana da sharaɗi. Sai an jiƙa, an tafasa sosai, an zubar da ruwan fari, musamman mai baƙin launi, gama ɗanyarta tana da irin gubar da take cikin rogo mai ɗaci. Dattijon ya san wannan ba tare da littafi ba. Ya ce tun kakanni ba a cin sa da garaje.

A gindin garkar kuma akwai sauran wake na gida wanda laima ta riƙe, da 'yan furanni fari da shunayya, biyu ko uku a kan doguwar sanda. Furen wake da sassafe yake buɗewa, kafin rana ta take ya rufe. Shi ɗan ƙasa ne, a Afirka aka fara noma shi, Nijeriya ce kuma ta fi kowace ƙasa noma shi a duniya, Nijar tana bi mata. Muka tuge ɗaya muka nuna wa yaron 'yan ƙullutai a jikin saiwa. A cikinsu ne waɗansu ƙananan halittu suke zaune, suna jawo abincin shuka daga iska suna ba ƙasa. Dalilin ke nan da gero yakan yi kyau a inda aka yi wake bara. Waken ado ma yana da ƙullutan nan, gama halin dangin ne.

Dattijo ya juya reshen Mafara a hannunsa, ya shafa fiffiken, ya ja zaren. Ya ce shekarunsa sun haura saba'in bai taɓa ganin wake mai hannu ba. Sa'an nan ya ce in muna neman ɗan dangin wake da ya kamata a ja wa yara kunne a kansa, mu duba cikin sarƙaƙiyar bakin ruwa wajen Maradun. Bai faɗi suna ba, ya ce in mun gani za mu gane.

A MARADUN

Kashegari muka nufi gabas. Madatsar Bakolori a ƙasar Maradun take, a kan Gulbin Sakkwato. Wani kamfanin Italiya mai suna Impresit ne ya gina ta, aka gama a 1978. Tsawon bangonta ya kai kilomita biyar da rabi, tana iya riƙe ruwa mita miliyan 450 na awon murabba'i mai zurfi, tafkin kuma ya rufe wajen hekta 8,000. An shirya za ta shayar da hekta 23,000. Mutum in ya tsaya a kan bangon, ruwa ne iyakar ganinsa.

Ba a sami ruwan nan a banza ba. Dubban iyalai sun rasa gidaje da gonaki a ƙarƙashin tafkin, waɗansu kuma aka hana su noma shekaru ana daidaita filaye. Manoma suka tare hanyoyi suna neman diyya, a watan Afrilu 1980 aka aiko 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka kashe mutane da yawa. Tsofaffin yankin ba su manta ba. Na ƙasa da madatsar kuma, waɗanda suke dogara ga ambaliyar gulbi domin shinkafar fadama, su ma sun ji a jikinsu. Ga wani abu kuma: inda ruwa ya zauna rani da damina, baƙin tsire-tsire sukan sami wurin zama, na gona da na lambu da na jeji. Yaran yau suna ganin ganyayen da kakanninsu ba su sa wa suna ba.

Amma abin da dattijon Bakura yake nufi ba baƙo ba ne. A wata sarƙaƙiya kusa da ruwa muka ga wani siririn yaɗo ya naɗe reshen ƙaya. Ganyensa kamar na tsamiya, ƙananan kunnuwa biyu biyu sun jeru da yawa. Ba zare, ba fiffike. Furensa, a lokacinsa, ƙanana ne ruwan hoda a cunkushe, masu siffar furen wake. Yanzu kuwa kwasfa ce ta bushe ta tsage, ga 'ya'ya a manne, ja wur masu sheƙi, kowace da baƙin ɗigo a kai. Idon zakara ke nan. Masana suna kiransa Abrus precatorius.

Ba wanda zai ga ƙwayar nan bai so ɗauka ba. Yara sukan tara ta a gwangwani su yi wasa, a waɗansu ƙasashe ana huda ta a yi abin wuya, a Indiya kuma maƙeran zinariya sun yi awo da ita. Amma a cikinta akwai guba mai suna abirin, tana cikin mafi ƙarfin gubar da ake samu a tsiro. Ɓawonta yana da tauri, in an haɗiye ta ɗungum sau da yawa takan wuce. In aka tauna ko aka fasa kuwa, ƙwaya ɗaya ko biyu tana iya kashe yaro. Mugun abin shi ne ba ta nuna kanta nan da nan. Sai bayan sa'o'i, wani lokaci kwana ɗaya ko biyu, amai da zawo su taso, har da jini. Ba ta da makari, sai dai taimakon da asibiti za su yi da ƙarin ruwa da kulawa, shi ma in an kai da wuri.

Muka tarar da waɗansu yara masu kiwon awaki, muka tambayi babbansu ko ya san ta. Ya ce, "Mun sani, Malam, ganyenta zaƙi gare shi." Gaskiya ne ganyen yana da zaƙi, wannan kuwa shi ne abin tsoro, domin wanda ya saba da ganye ba zai ji shakkar ƙwaya ba. Muka yi musu bayani, muka roƙe su su gaya wa ƙannensu.

Ba mu daɗe a bakin ruwa ba, gama masu masaukinmu sun ce a koma kafin la'asar. Ƙasar nan ta sha wuya a hannun 'yan bindiga. A shekara ta 2021 kaɗai an sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙasar Mafara a watan Fabrairu, an shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura a watan Agusta, an kuma kwashe 'yan makaranta a Kaya ta ƙasar Maradun a watan Satumba. Duk mai niyyar zuwa sai ya tambayi mutanen gari labarin hanya tukuna, ya yi tafiyarsa da rana, kada ya ratse jeji domin neman fure.

ABIN DA ZA MU KOYA WA YARA

Tsire-tsire huɗu ke nan masu fure iri ɗaya. Wake abinci ne. Waken damfami abinci ne in an dafa shi yadda ya kamata. Waken ado na kallo ne kawai. Idon zakara kuwa ajali ne. Wanda ya tsaya ga launin fure, ko ga sunan da ya ji a bakin wani, ba zai raba su ba. Ga tambayoyi biyar da kowane yaro ɗan aji uku zai iya riƙewa:

1. Kunnuwa nawa ne a ganye ɗaya? Uku, wake ko waken damfami. Biyu, waken ado. Da yawa kamar na tsamiya, a yi hankali.

2. Da me yake hawa, da zare ko da jikinsa?

3. Yaɗon zagayayye ne, ko yana da fiffike? Da gashi ko babu?

4. Furanni nawa ne a sanda ɗaya, suna da ƙanshi ko babu?

5. Yaya kwasfa da ƙwaya suke?

Iyaye mata masu son furanni, in an ba ku iri ko saiwa daga wani gari, ku tambayi suna, ku kuma tambaya ko yana da lahani. In kuna da waken ado, ku riƙa tsinke furen da ya yi yaushi kafin ya zama kwasfa. Yin haka yana sa ya ƙara fure, ya kuma kawar da abin da zai ja hankalin yaro. Kada a dasa shi a darnin da awaki suke kaiwa, ko kusa da waken ci inda mai tsinka zai haɗa su a ƙwarya ɗaya. In kun ga idon zakara kusa da gida ko makaranta, a tuge shi a ƙone 'ya'yan.

In yaro ya ci ƙwayar da ba a sani ba, kada a jira a ga abin da zai faru, kada kuma a tsaya ɗura masa manja ko madara. A kai shi asibiti nan da nan, a tafi da reshen tsiron, da ganye da kwasfa da sauran ƙwayar, domin ma'aikata su ga abin da ya ci.

Malamai kuma, ga aikin da ba ya cin kuɗi. Kowane yaro ya kawo reshe ɗaya mai ganye da fure, a shimfiɗa a tsakanin tsofaffin jaridu, a danne da littattafai ko bulo, a riƙa sake jaridar har mako biyu. In ya bushe a manna a takarda, a rubuta sunansa na Hausa, da inda aka samo shi, da ranar, da abin da tsofaffi suka ce ana yi da shi. A wanke hannu bayan aiki, 'ya'yan idon zakara kuwa malami ne kaɗai zai taɓa. Kafin shekara ta ƙare makaranta za ta mallaki littafin tsire-tsiren garinta. Sunayen sukan bambanta daga Zamfara zuwa Zazzau zuwa Filato, saboda haka wanda ya san wani suna dabam na waken damfami ko idon zakara a garinsu, sai ya rubuto wa Edita domin sauran masu karatu su ƙaru.